Naman kaza mai hula kore-kore, ana ci kuwa?

Uwar_Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan ruwa ya ɗauke mun shiga kurmi da yara, ƙaramin ya tsinto naman kaza guda huɗu a gindin wata bishiya, hularsu kore-kore da ɗan ɗorawa, ƙarƙashi fari tas, ga wani abu kamar siket a jikin karan. Ba wari ko kaɗan, har na ga katantanwa ta gaigayi ɗaya. Maƙwabciyata ta ce tunda ƙwari na ci ai lafiya lau ne, wai in dafa da cokalin azurfa in bai yi baƙi ba shikenan. Haka ne?

Na-Jeji:
Wa alaikumus salam. Hajiya don Allah kar ki ɗora tukunya. Ba zan rantse ba tunda ban gani da ido ba, amma siffar nan sak ta Amanita phalloides ce, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya. Ki duba gindin karan, in da shi aka tugo za ki ga wata farar jaka kamar fasasshen kwanson ƙwai, sau da yawa a cikin ƙasa take ɓoye shi ya sa masu yankewa da wuƙa ba sa ganinta. Ko ki kifa hular a kan baƙar takarda ta kwana, garin irinsa fari zai zubo. Maganar cokali kuwa tatsuniya ce, katantanwa kuma ai ba hantarku ɗaya ba.

Anti Nas:
Ni a asibiti nake aiki, abin da ke ban tsoro da shi yaudararsa. Mutum zai ci ya sha ruwa ya kwanta garau, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da zawo kamar famfo su taso, kwana ɗaya ko biyu kuma sai ya lafa har 'yan uwa su fara cewa jiki Alhamdulillah, alhali a lokacin ne dafin ke cin hanta a ɓoye, kafin a ankara ido ya yi shawara, ƙoda ta tsaya, wani sai an yi masa dashen hanta. Rabin hula ɗaya ya isa ya kashe babba balle yaro. Dafuwa, suya, shanya, firiza, duk ba abin da suke yi wa dafin. A 2023 ma mutum uku suka mutu a Ostareliya bayan sun ci shi a girki. Yaya ki tambayi yaron a hankali, ban da tsawa, ko ya kai baki. In ya gutsura ko ɗan mitsitsi ne ku tafi asibiti yanzu, kar ku jira amai, ki tafi da ragowar a takarda ba leda ba, leda na sa shi ruɓewa.

Dan_Kallo:
Ni taɓawar nake tsoro, yaron ai ya riƙe su.

Na-Jeji:
Taɓawa kawai ba ta kisa, a wanke hannu da sabulu ya wadatar. Haɗiyewa ce matsalar.

Uwar_Biyu:
Innalillahi, na duba yanzu wallahi jakar na nan a gindin guda biyu. Ya ce bai ci ba amma ɗaya akwai gurbi a gefen hular, ban san ko na katantanwa ba ne ko haƙorinsa. Babansu ya fito da mota, mun tafi.