Littafin gas da karkiyar Almasihu: musayar baitoci daga Ikko

Maigadin Lekki

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Tun da aka tashi sujadar Hausa ranar Lahadi wata magana ke cina. Fasto ya karanta Galatiyawa 5:1, cewa Almasihu ya 'yanta mu, kada mu sake sa wuya a karkiyar bauta. Bai ko numfasa ba ya jero mana "kada" iri-iri. Ga abin da na rubuta a bakin ƙofa. Amsa-amon "ya" ne, duk mai shiga ya bi shi.

Da sunan Uba nake buɗe baki,
Shi ya ba ni rai, ya ba ni aiki,
Dare ya raba, ina gadi a Lekki,
Ni da tocila da sauro da zuciya.

A ƙauyenmu komai da mai gani,
Ka yi tari, dattijo ya sani,
Ka makara sujada, a aiko wani,
A kai ƙararka gun baba da safiya.

Nan Ikko ba mai tambayar ɗan wa,
Kowa na gudu, danfo na kuwwa,
An ce an 'yanta mu, ba sauran ɗaurewa,
To me ya dawo da zancen karkiya?

In alheri kyauta aka ba mu,
Ba don aikinmu ba, ba don halinmu,
Ku bar ni in sha iska, ya iyayenmu,
Na gaji da "kada" tun ina goye a baya.

Baba Dattijo na Agege

Ɗana, sannu da gadi. Ka karanta aya ta 1 ka rufe littafin. Gangara zuwa ta 13, sannan ka leƙa Matiyu 11:29-30.

Ɗana, ka tsaya a ayar farko,
Ka lashi zuma ka ture kasko,
Bi shi a hankali har inda ya sauko,
Bulus bai bar zancen a rabin hanya.

Ya ce 'yancin nan kar ya zam dama
Ta biye wa jiki duk abin da ya nema,
Ku bauta wa juna da ƙauna da girma,
Nan ya ɗaure kayansa da igiya.

Na yi huɗa da shanu can Kaltungo,
Sabon sa shi kaɗai ba ya kai zango,
A haɗa shi da babba, ya bar cin bango,
Wuyansu biyu, itacen ɗaya.

Shi ya sa Ubangiji ya ce ka ɗauka,
Tasa karkiyar ba ta cin wuyanka,
Buɗe Matiyu ka duba da kanka,
Sauƙi ya alkawarta, amma akwai kaya.

Mama Mai Tumatir

Ni ban iya ƙwar huɗu ba, irin ta Zumuntar Mata zan yi, biyu-biyu. Na tsufa a kasuwar Mile 12, abin da na sani zan faɗa.

Kwandon tumatir fuska biyu gare shi,
Sama jajawur, ƙasa ruwa da tsiya.

Mai saye ba ya juye shi a gabana,
Sai ya kai gida ya ga aikin ƙarya.

Ba ɗan sanda, ba fasto a rumfata,
Ba mai kai ƙarata ikkilisiya.

Nan 'yancin yake, ɗan nan, in kana nema,
Hannu a sake, kwando a gaba, ni ɗaya.

Da can tsoron asara ke jan hannuna,
In binne ruɓaɓɓe ina dariya.

Yanzu nakan ware shi in faɗi kuɗinsa,
Riba ta rage, barci ya zo lafiya.

Malamin Makarantar Lahadi

Mama, kin gama magana, ni ƙari kawai zan yi. A Legas muke zancen 'yanci, garin da ya ga bauta ta gaske. Samuel Ajayi Crowther yana yaro aka kama shi a Osogun a 1821, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa jirgin 'yan Fotugal a gaɓar nan. Sojan ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke shi a Saliyo. Ya zama bishop a 1864, ya rasu a garin nan ranar ƙarshe ta 1891. A Disambar 1893 kuma 'yan mishan uku, Bingham da Gowans da Kent, suka sauka a nan da niyyar shiga Arewa. Biyu daga cikinsu, Gowans da Kent, sun mutu a 1894. Daga aikin da suka fara ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ba wanda ya tilasta musu, da ƙafarsu suka zo. Malamin Kirista na Jamus, Martin Luther, shi ma tun 1520 ya haɗa abin wuri guda, cewa Kirista ɗa ne da ba ya ƙarƙashin kowa, kuma shi ne mai hidimar kowa.

Ku dubi kalmar da kyau ku gane,
'Yanci daga ɗa aka samo shi ne,
Sakkwatawa su ce ɗiyauci ne,
Ɗa kuwa da gida yake, ba a kan hanya.

Ajayi da aka kwance masa mari,
Bai nemi inuwa ya tara jari,
Ya koma ƙasar da ta sai da shi da fari,
Ya hau kogin Kwara, tafiya kan tafiya.

Bawa na noma don tsoron bulala,
Ɗan gida na yi ko ana shan wahala,
Gonar ubansa ce, ba ya kasala,
Garma ɗaya ce, bambancin na zuciya.

Maigadin Lekki

Malam, na gode da tarihi. Amma kwandon Mama ne ya hana ni sukuni. Bari in fasa ƙwan kowa ya huta, ba wa'azin fasto ne ya dame ni ba.

Duk Alhamis tankar gas na shigowa,
Janareton gidajen take cikawa,
Ni ke riƙe littafi, ni ke rubutawa,
Lita 1000 a takarda, 800 a gaskiya.

Manaja da direba su raba a mota,
A cusa min nawa a aljihun rigata,
Wata biyar ke nan, ban ce uffan ba kanta,
Da shi ƙanwata ke makaranta a Zariya.

Na ce wa kaina ai alheri ya rufe,
Masu gidajen rijiyarsu ba ta ƙafe,
Amma in na durƙusa addu'a da safe,
Sai harshe ya ƙi, kamar an soka ƙaya.

Mai Keke na Ojo

Iyayena, ku yi mini aikin gafara, zan ɗan tsaya wa yaron nan. Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, babur ɗina na cikin waɗanda aka kwashe. Na san abin da ake kira zaman babu a garin nan.

Mai ƙoshi ke iya wa'azin azumi,
Mu shida ke ɗaki guda cikin gumi,
In ya ƙi sa hannu ya faɗa rami,
Wa zai biya wa yarinyar Zariya?

Ran da aka bi mu aka kama babura,
Nawa ya tafi, ga bashi na jira,
Aya aka turo min har guda tara,
Ba wanda ya turo ko kuɗin miya.

Ban ce sata halal ce ba, ku ji ni,
Ban ce ya ci gaba ba, Allah na gani,
Na ce in kun ɗora masa dutse, ku sani,
Sai ku kama masa gefe, ba shi ɗaya.

In aya ake so ni ma ina da ita. Yakubu 2:15-16, mai ce wa ɗan'uwa mayunwaci ya sauka lafiya ya ƙoshi, bai ba shi ko loma ba.

Malamin Makarantar Lahadi

Abin da ɗanmu ya kira "alheri ya rufe" shi ne wani faston Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya kira alheri mai arha, wato gafarar da ba tuba a cikinta, ba kuma bin Almasihu. Ya rubuta haka a 1937, gwamnatin Hitila ta rataye shi a Afrilun 1945.

Mama Mai Tumatir

Malam, ajiye Jamus tukuna. Yaro na nutsewa kana gaya masa zurfin kogin.

Baba Dattijo na Agege

Mai Keke, ka harbe ni a inda ya dace, na karɓa. Na yi wa yaron nan magana kamar ban taɓa zamewa ba. Ɗana, ji wannan, ko 'ya'yan cikina ba su san shi duka ba.

Ba daga kan tudu nake maka magana ba,
Sito na riƙe a Apapa, ban ƙi karɓa ba,
Shekara uku ban ce wa oga a'a ba,
Na ci ladan kuturu, da aski na biya.

Kullum ya kira ni sai gabana ya faɗi,
Ko yaronsa ya harare ni sai in yi daɗin-baki da faɗi,
Ni da na zo Ikko neman sararin faɗi,
Na koma raƙumi, shi ke riƙe da akala da igiya.

Ran da na ƙi, ba mala'ikan da ya sauko,
Wata takwas ina gararamba a Ikko,
Mamarku ta soya ƙosai, ta dama koko,
Da shi muka rayu, ba na maka ƙarya.

Yesu ya ce ɗauki gicciye kowace rana,
Naka biro ne da layin sa suna,
Ba zan ce maka zai yi daɗi ba, ɗana,
Na dai san wanda ke ɗaya gefen karkiya.

Baiti na biyu ya yi tsawo, kuma na maimaita kalma sau uku. Ku bar shi haka, hannuna rawa yake.

Mama Mai Tumatir

Baba, mun bar shi. Ɗan nan, saurara.

Yaron da ke rubuta min kwanduna
Ya tafi Fankshin ɗaurin aure tun jiya.

Ya ce noma zai zauna yi, ba ya dawowa,
Littafin na nan, da biro, da kujera ɗaya.

Albashin bai kai na Lekki ba, kar ka yi zato,
Amma abin da ka gani shi za ka sa, ba kunya.

Kuɗin zangon ƙanwarka kuma bar mana,
Zan kai wa Zumunta, mu tsintsiya ce, maɗauri ɗaya.

Mai Keke na Ojo

Ni ba ni da kuɗi, amma in ta kai ga kwashe kaya, kekena na nan. Sai dai mu haɗu a inda aka yarda keke ya kai, kar in sake rasa abin hawa.

Maigadin Lekki

Ban san abin da zan ce ba. Na karanta na Baba sau huɗu, mai aikin rana har ya tambaye ni ko mura nake. Ba zan yi muku cika baki ba, har yanzu cikina na kaɗawa.

Yau Talata, jibi tankar na tafe,
Manaja zai miƙo biro tun da safe,
Ina roƙon hannun nan kar ya kafe,
In sa 800, in ɗago in dube shi ido da ido, ba dariya.

Sauran na wata biyar da na riga na ci,
Zakka ya mai da ninki huɗu, Luka ya faɗi,
Ni ko ninki ɗaya ba ni da shi a aljihu,
Baba, yaya ake fara irin wannan biya?

Amsa-amon ciki ya watse mini a na ƙarshe, ku yi haƙuri. Mama, ƙarfe nawa motocin Arewa ke fara sauke kaya? Ina tashi aiki ƙarfe 6, kuma kin san gadar nan da safe.