Musayar Waƙa a Kan Waƙafin Turanci

Ɗalibi daga Katsina:
Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma na kawo tambayata a kan waƙafi a insha'in Turanci, da roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe amsa-amon "fi" a ƙarshen kowane baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Ina neman masu ilimi da kulawa,
Su warware mini abin da ke sa ni damuwa,
Shi ne wurin da ake ɗiga waƙafi.

An ce mini inda na tsaya jan numfashi,
A nan ne ya dace in rubuta shi,
To amma mai duba takarda ya soke shi,
Da jan biro ya zagaye rabin shafi.

Malamar Turanci daga Zariya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ga abin da nake koya wa 'yan ajina.

Ɗana, numfashi ba shi ne ma'auni ba,
Domin naka da na wani ba su zo ɗaya ba,
Ginin jimla za ka tsaya ka duba,
Shi ne yake nuna mazaunin waƙafi.

In jimla ta cika, ta tsaya da ƙafarta,
Aka kawo *and*, *but* ko *so* don a ƙulla ta
Da wata cikakkiya mai kama da ita,
Kafin mahaɗin nan ake sa waƙafi.

Amma shi kaɗai ba ya iya ɗaurewa,
*It was late, we went home* kuskure ne na kowa,
Aya za ka sa, ko *so* ta zo ta yi haɗawa,
Ko waƙafi mai ruwa (;), domin ya fi shi ƙarfi.

Kada ka raba mai aiki da aikin da ya yi,
Ko da bayaninsa ya yi tsawo ya cika layi,
*The boys who came late were sent home*, babu tsayi,
Wanda ya sa shi kafin *were* ya yi laifi.

Ɗalibi daga Katsina:

Na gode, Malama, Allah ya ƙara basira,
Sai dai akwai tambaya guda da ta yi saura,
Na ga *who* da waƙafi a jimlar da aka tsara,
Kuma gwani ne ya rubuta ta a cikin littafi.

Tsohon edita daga Kaduna:
Malama, ki ba ni izini in karɓi wannan, domin ita ce gaɓar da na fi gyara wa matasan 'yan jarida.

Ƙanena, ka taɓo wurin da ya fi wuya,
Kuma amsarsa tana cikin wata tambaya:
Shin bayanin nan ƙari ne da za a iya
Cire shi, ma'ana ta zauna da ƙarfi?

*My brother, who lives in Jos, is ill* in ka ce,
Ɗan'uwanka ɗaya ne, batun Jos ƙari ne a zance,
Sai ka killace shi gaba da baya yadda ya dace,
Biyu ake sawa, guda ɗaya ba ya yin rufi.

In ka cire su, ma'ana ta sauya nan take,
'Yan'uwa suna da yawa, wasu can wasu nan suke,
Na Jos ɗin ka ware, shi kaɗai ka riƙe,
Shi ya sa *that* mai warewa ba ta ɗaukar waƙafi.

Sai na jeri, *rice, beans, and oil* a kasuwa,
Na kafin *and* ɗin nan ana jayayya a kansa da yawa,
Maɗaba'ar Oxford tana sa shi ba ta fasawa,
Jaridu da dama kuwa sun bar shi ya tafi.

Ni ina sa shi, kuma ina da dalili,
A jihar Maine ta Amurka an je gaban alƙali,
Dokar kuɗin aikin ƙarin lokaci ce asali,
An jera ayyuka, na ƙarshe ba shi da waƙafi.

A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta duba,
Ta ce dokar ba ta fito da nufinta sarai ba,
A 2018 kamfanin madara na Oakhurst bai ƙi sulhu ba,
Dala miliyan 5 ya ba direbobinsa, aka rufe shafi.

Malami daga Damagaram:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Bari in ƙara abin da ya shafi lambobi, saboda 'yan'uwa masu rubuta rasit a tsakanin ƙasashen biyu.

Mu a Nijar mun yi boko da Faransanci,
Inda 2,5 ke nufin biyu da rabi a kasuwanci,
Amma ɗigo ake sawa, 2.5, a Turanci,
Dubbai, kamar 2,500, su ake raba wa da waƙafi.

Ɗalibi daga Katsina:
Malama, ga jimlar da na gina bayan na karanta amsoshinku: *When the rain stopped, Musa, who had the key, opened the shop, but nobody came.*

Huɗu na sa, ina roƙo ki auna,
Ki faɗa mini ko kowanne ya samu wurin zauna,
In akwai wanda ya shigo bai kamata ya kwana,
Ki fitar da shi da alƙalaminki mai kaifi.

Malamar Turanci daga Zariya:

Na farko ya rufe sharar fagen da ka gabatar,
Na biyu da na uku sun killace ƙarin da ka shigar,
Na huɗu ya gabaci *but* kamar yadda aka koyar,
Duka huɗun sun zauna, babu mai laifi.

Gobe ka kawo mini jimla mai *however* a tsakani,
Domin ba mahaɗi ba ce kamar *but* ɗin da ka sani,
In ta raba cikakku biyu, ga yadda ake gini:
Waƙafi mai ruwa ya riga ta, a bi ta da waƙafi.