Musayar waƙa: wake ba ya jiran dogon ruwa

Malam Na-Kunya:
Ruwa in ya ɗauke da wuri, masara ta kasa,
Wake mai kwana 60 zuwa 70 ya isa,
Ƙullin da ke saiwarsa shi ke saka taki a ƙasa,
Hatsin baɗi ya ci gado, ba a ko tambayarsa.

Mai Garma:
Malam, ka yi yabo amma ba ka faɗi awo ba,
Santimita 75 kunya da kunya, ko ba ka ji ba?
Rami da rami 20, ƙwaya 2, ba 5 ba,
Zurfi 3 zuwa 5, in ya zarce ba duka za su fito ba.

Hajiya Uwar Harawa:
Ƙanena mai awo, ka auna ka mance taki,
Supa ake sa masa ranar shuka, shi ke aiki,
Ɗura masa yuriya, ganye ya yi kore har ya yi baƙi,
Ka ɗaga yaɗo ka duba, ba kwanso ko ɗaya a ciki.

Ɗan Auta:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! An kwantar da mai awo.

Alƙalin Kari:
A dakata da tafi. Baƙi ba ya amsa taki, ƙ daban k daban. Ɗango na huɗun Mai Garma kuwa ya fi kunyar da yake aunawa tsawo.

Ɗan Auta:
Baba, ai tun da aka fara ba mu ga baitinka ko ɗaya ba.

Alƙalin Kari:
Ma'auni ba ya shiga buhu, yaro.

Mai Garma:
Yaya, supanki ba ya korar tsutsar maruka,
Feshin farko in fure ya fara toho, kwana 30 zuwa 35 da shuka,
In ka bari ta huda kwanso ta shige, ka makara haka,
Magani ya tsaya a waje, ita tana ciki tana cinye duka.

Malam Na-Kunya:
Na dawo a makare, ku yi mini afuwa,
Irin wake SAMPEA 20-T, tun 2019 a Najeriya yake fitowa,
Maruka ba ta iya masa, amma kada a yi sakewa,
Darɓa da masu tsotsar kwanso ba ruwansu, feshi bai ƙarewa.

Hajiya Uwar Harawa:
Alƙali, riƙe ƙugiyarka, ni ina wajen ajiya,
A shanya har ƙwaya ta yi ƙas a haƙori, ita ce gaskiya,
Buhun PICS leda 2 a ciki, na waje saƙa ce mai juriya,
Matse iska, ɗaure kowace leda daban da igiya,
Ƙwaro ya rasa numfashi, huji ɗaya kuwa ya ɓata tafiya.

Alƙalin Kari:
Kowa na ƙwar huɗu, Hajiya ta zo da biyar. Wa ya ba da izini?

Mai Garma:
Baba, bar ƙirgan ɗango, ƙuduji na jira,
Yana maƙale a saiwa tun kafin ka ga kansa a fili sarai,
A tuge shi kafin ya yi fure, a nemi iri mai jure masa.

Alƙalin Kari:
Wannan kuma ɗango uku, amsa-amo uku. Malam Na-Kunya, zo ka cike masa na huɗun.