Jirgin Flying Fish a Gaban Alƙalai

Ɗan Bakin Ruwa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau shari'ar Kyaftin George Little, sojan ruwan Amurka, na kawo, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1804. Amsa-amonmu "wa" ne.

Amurka da Faransa sun ɓata,
A 1799 majalisa ta rubuta:
Jirgin Amurka mai zuwa tashar abokiyar faɗanta,
A tare shi a teku, a yi kamawa.

Sai Shugaba Adams ya ƙara gishiri,
Ya ce mai zuwa da mai fitowa duk a jeri,
Little ya hango jirgi, ya bi shi da sauri,
Flying Fish, daga Jeremi ta Haiti yake fitowa.

Kofi ya ɗauko, tsibirin Sen Tomas ya nufa,
Da aka ga ana bin sa ƙafa da ƙafa,
Matuƙi ya kwashi takardu, a ruwa ya jefa,
Aka ja shi Boston don tuhumawa.

Tsohon Soja:
Ƙanena, bin na gaba bin Allah,
Na sa kaki, oda ba a yi mata wala-wala,
Mai zubar da takardu shi ya jawo wa kansa wahala,
Ina laifin Kyaftin da har ake ƙullatawa?

Gwaggo Mai Alƙalami:
Baban soja, sannu, ajiye bindiga,
Jirgin na 'yan Denmak ne, kotu ta duba ta ga,
Ko da na Amurka ne, doka "zuwa" ta ce, ba ta ce "daga",
Jeremi a hannun Faransa take, amma shi yana barowa.

Kotun farko ta ce a sake shi, babu diyya,
Ta biyu ta ce dala 8,504 Little zai biya,
Ta ƙoli ta duba, ta ce hakan ne gaskiya,
Odar shugaba ba sabulu ba ce ta wankewa.

Tsohon Soja:
Gwaggo, ai Marshall, babban alƙalin da kansa,
Ya ce da fari wanke soja ne a ransa,
Don biyayya ita ce igiyar aikinsa,
Abokan zama ne suka juya ra'ayinsa,
Da ni ne, wallahi babu juyawa.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Layi biyar ka yi, Baba, ka wuce ƙa'ida,
Ka ga irin ta Adams, ƙari a kan takarda!
Alƙalin ya saurari 'yan'uwansa ya yarda,
Kai kuwa ko baiti ba ka iya tsayawa.

Ɗan Bakin Ruwa:
Baba, huce, Kyaftin bai sayar da gida ba,
Majalisa ba ta bar shi da bashin ba,
A 1807 ta biya, ba ta ƙi ba,
Daga baitulmali aka yi fitarwa.

Tsohon Soja:
Shekara bakwai daga kamu zuwa biya!
Ashe can ma soja ya san zaman jira da wuya,
Ni fanshona ya kwana biyu a hanya,
Gobe da asuba zan koma layin tantancewa.