Ƙura ta cika min PS4, ku ya kuke share naku?

Mai PS4 Slim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ban taɓa buɗe PS4 ɗina, na'urar wasan bidiyo, ba. Yanzu ko minti goma ba na yi ina wasa sai fanka ta ɗau ƙara kamar injin niƙa, jiya har saƙo ta fitar wai ta yi zafi, ta kashe kanta. Wanda ya taɓa sharewa da hannunsa ya ba ni labari, har da inda ya yi kuskure.

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka yi sa'a Slim ce, wato siririyar PS4, murfinta na sama ba shi da noti, ka kama kusurwoyin gaba ka ɗaga, sai ka ja shi baya. Amma kafin nan ka kashe ta gaba ɗaya. Idan fitilar tana lemo-lemo barci take, ba ta mutu ba. Ka zare wayar wuta, ka bar ta ta huce. Ni kuskurena na farko gwangwanin iska ne. Na feso wa fanka ba tare da na riƙe ta ba, tana ta juyi ina jin daɗi wai tana fita fes. Da na kunna sai ga wani sabon kuka, kir-kir-kir, wanda babu shi da. Ƙarshe sai da na sauya fankar. Yanzu yatsa nake ɗorawa a kan fiffiken, in fesa kaɗan, in tsaya, in ƙara. Kuma gwangwanin ya tsaya a miƙe, in ka karkata shi wani ruwa mai azabar sanyi yake fitowa.

'Yar Switch: Ni fa na'urar busar da gashi na sa wa na'urar wasana, kada ku yi dariya. Iska mai zafi ce, kuma ƙurar ciki kawai na ƙara turawa. Tun daga ranar burushi mai laushi nake bi da shi ta ramukan iska, sai busasshen tsumma a jiki.

Mai Gyara: Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, na sha ganin irin wannan. Abin da mutane ba sa ganewa, ƙurar da ke jikin fanka ba ita ce babbar matsala ba. Bayan fankar akwai siraran ƙarafa a jere waɗanda ke zuƙe zafi, a bakinsu ƙura take taruwa ta dunƙule. Na taɓa ciro wata da tsinke, ta fito a haɗe kamar guntun bargo, har da gashin kyanwa. A PS4 kafin ka kai wurin sai ka kwance kusan komai da sukudireba mai kan tauraro. In hannunka bai saba ba, tsaya a fanka. Akwatin wutar ciki kuwa kada ka kuskura ka buɗe shi, yana riƙe caji ko bayan an zare waya.

Ɗan PS5: Mu namu da sauƙi. Tun 2020 da Sony, mai ƙera su, ta nuna cikin PS5, wadda ta biyo bayan PS4, ta nuna ramuka biyu a ƙarƙashin murfi inda ƙura ke taruwa, sai ka zuƙe da injin shara a ƙaramin ƙarfi. Wata uku-uku nake yi. Ban wuce nan, saboda ruwan ƙarfe mai ɗauke zafi ne a kan ƙwaƙwalwarta, in ya zube a allon ciki shi ke nan.

Tsohon Hannu: Amma injin sharar a ramukan nan kawai. Kada wani ya ji ya kai bakinsa kan allon ciki.

Mai PS4 Slim: Na gode yayyena. Na ɗaga murfin ɗazu, fiffiken fankar duk ya koma ruwan toka. Na riƙe ta da yatsa, na bi kowane fiffike da audugar kunne, sai da guda tara suka ƙare. Ƙarar ta ragu sosai amma da saura. Ashe ma a cikin kabad nake ajiye ta, bayanta manne da katako. Na fito da ita fili, na bar mata kamar santimita 10 daga bango. Mai Gyara, in bayan mako ɗaya ba ta yi shiru ba, ƙarafan nan ne ko?

Mai Gyara: Su ne. In an buɗe har can, a sa mata sabon man sanyaya da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarafan, na shekara huɗu ya isa bushewa.