Wane yashi ya dace da filastar waje?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar gini a taimaka min da shawara. Ginina an gama rufi saura filasta, kuma inaso in fara da waje kafin damina ta sauka. Birkilana yace in sauke tifar yashi mai laushi, shi kuma mai tifa yace na kogi yafi, saidai yafi tsada kuma da tsakuwa a ciki. Abinda ya tsorata ni gidan dake kallon nawa, da mai laushin aka yi, bangon duk ya tsattsage kuma in ka goga hannu gari ne ke biyo ka. Toh wanne zan saya? Wajen Kumbotso ginin yake.

Tsohon Birkila:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron naka ba ƙarya yayi ba amma sauƙin kansa yake nema. Mai laushi akwai daɗin aiki, yana bin cokali yana kwanciya luf, ranar da aka gama kowa sai yace masha Allah. Matsalar itace yana shan ruwa da yawa wajen kwaɓi, in ruwan ya bushe sai filastar ta tsuke ta dare kamar ƙasan tafki da rani, balle in irin na kwata ne ko na gefen gona wanda rabinsa laka ce, wannan siminti baya kama shi ko buhu nawa ka zuba. Ciki zai iya wucewa, waje kam a'a. Sayi na kogi, irin wanda ake ɗebowa Tamburawa ko Wudil, a kafa raga lebura ya tace, tsakuwar da ta fita ka ajiye ta zata yi maka amfani wajen daɓe.

Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni dai ƙarin da zanyi, kar ka yarda da sunan yashi, wai na kogi ne, gwada shi kafin a juye maka. Samu gorar ruwa wadda ake ganin cikinta, zuba yashi rabi, ƙara ruwa da ɗan gishiri kaɗan, girgiza sosai ka ajiye kamar awa 3. Yashin zai kwanta ƙasa lakar ta hau samansa, zaka ga layin da idonka. In kaurin lakar ya doshi kashi 1 cikin 10 na yashin to ba na filasta bane. In kana sauri ma murza mai ɗan danshi a tafin hannu, in ya bar maka jan shafi ko ya dunƙule ya ƙi wargajewa akwai laka.

Sai kwaɓi, waje 1 da 4 ake so, wato buhun siminti ɗaya kwanon sarki 8 na yashi, tunda buhu kusan kwano 2 ne. Anan ake cin mutane wlh, baro uku baro huɗu a buhu ɗaya da zarar mai gida ya juya baya. Kuma ka tsaya da kanka ranar da za'a yi bangon gabas, nan ruwan sama yake duka a ƙasar nan.

Ɗan Zariya:
Injiniya ku kuna faɗa a takarda ne, mu da muke kan sikafol mun san zallan na kogi in ya cika kaushi ƙin kama bulo yake, kana watsawa yana zubowa, rabin siminti a ƙasa. Ni haɗawa nake, baro 2 na kogi tatacce baro 1 mai laushi amma mai tsafta, kuma ba'a taɓa kirana gyara ba.

Injiniya:
Ai ban musa ba malam, in mai laushin ya ci gwajin gora a haɗa. Datti nake gudu.

Baban Iman:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, ban ruwa fa kwana nawa? Dan ruwan saye muke yi wajen 'yan garuwa.

Tsohon Birkila:
Sati guda safe da yamma, ka saka kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu. A jiƙa bulon kafin a fara watsawa, kuma da zafin bazarar nan a bi inuwa, da safe ayi bangon yamma, bayan azahar a koma na gabas.