Kacalla a dausayin Haɗeja da Nguru: shawarwarin da aka tsayar

Masunta da masana sun haɗu a kan abu guda: a daina yankan kacalla da ka. Hotunan tauraron ɗan'adam Sentinel-2 kyauta ne, sababbi na fitowa kusan duk kwana 5, suna nuna inda ciyawar ta toshe hanyar ruwa. A gwada hoton rani da na kaka, a fara da mashigar da ta fi cushewa.

Sai dai gajimare kan rufe hoto, kuma daga sama shinkafa kan yi kama da kacalla. Dole mai kwalekwale ya je ya gani da ido. A ganina wannan shawarar ta fi kowace nauyi. Yankan kuwa a yi shi ƙarƙashin ruwa, don saiwar ta shaƙe. Batun sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, an bar wa hukuma.